Ƙosai Nawa, Mai Nawa: Lacca Kan Ƙiyasta Man da Abin Tuya Ke Sha

Kowane abin tuya yana fita daga kasko da wani rabo na man da aka soya shi a ciki. Masu tuya sun daɗe da ba abin suna. Sukan ce ƙosai ya sha mai, ko su ce wannan ƙullun mai shan mai ne, kuma tun a jefi na biyu ko na uku suke gane haka, kafin man kasko ya yi ƙasa. Abin da ba a cika yi ba shi ne mayar da wannan sani zuwa lamba, wato a iya cewa ƙosai guda ya ɗauki gram kaza na mai, gram kazan nan kuma kalori kaza ne a jikin wanda ya ci. Lissafin bai fi ƙarfin matar da ke tuya a bakin hanya ba, balle ma'aikacin lafiyar da ke ba mai ciwon sukari shawara. Kwalba ɗaya da aka san abin da take ci, da haƙurin ƙidaya, sun isa a samu amsar da za a yi aiki da ita.

Kalori ma'aunin ƙarfin da abinci ke ba jiki ne. Asalinsa ma'aunin zafi ne: kalori 1, irin wanda ake rubuta kcal a jikin gwangwani da leda, shi ne zafin da zai ƙara wa lita 1 ta ruwa digiri 1. A ƙarshen ƙarni na 19 wani masanin kimiyya ɗan Amurka, Wilbur Atwater, ya riƙa ƙona nau'o'in abinci a cikin na'ura yana auna zafin da suke fitarwa, yana kwatanta shi da abin da jikin mutum ke riƙewa bayan narkewa. Daga aikinsa aka samo alƙaluman da ake amfani da su har yau. Gram 1 na sitaci ko sukari, irin na gero da dawa da shinkafa, yana ba da kalori 4. Gram 1 na sinadarin gina jiki, irin na wake da nama da ƙwai, shi ma 4. Gram 1 na mai kuwa kalori 9 ne, ya ninka kowannensu har da ɗori.

Mai bai kai ruwa nauyi ba, shi ya sa yake tasowa saman miya. Lita 1 ta mai nauyinta kimanin gram 920 ne, wato sama da kalori 8,000. Babban cokali yana ɗaukar kimanin gram 14, kalori 120. Ƙaramin cokali na shayi gram 4 da rabi, kalori 40. Babban cokali 3 na mai sun kusan yin daidai da gram 100 na garin gero. Sai dai garin gero idan aka tuƙa shi ya zama malmala, ciki ya san an ci, cokali 3 na mai kuwa suna ɓacewa cikin faranti ba tare da mai ci ya lura ba. Ta fuskar kalori duk mai ɗaya ne, ko na gyaɗa, ko manja, ko man riɗi, ko na jarka da ake shigo da shi, wanda galibinsa tataccen man kwakwar manja ne. Inda suka bambanta shi ne irin kitsen da ke cikinsu: kusan rabin manja kitse ne mai daskarewa, a man gyaɗa kuwa bai kai kashi 20 cikin 100 ba. Man shanu ɗanye yana da ruwa a ciki, kimanin kashi 80 cikin 100 ne mai, amma da zarar an soya shi ruwan ya ƙone sai ya kamo sauran.

Ƙasar Magariya da Dungas, waɗanda gunduma ɗaya ce kafin a raba su a 2011, ƙasar gyaɗa ce tun zamanin Turawa. Bayan samun ƴancin kai gwamnatin Nijar ta kafa kamfanin SONARA a 1962 domin sayen gyaɗa da fitar da ita, kuma gyaɗar ce kan gaba a abin da ƙasar ke sayarwa waje har uraniyum ya karɓe matsayin a farkon shekarun 1970. Masana'antun matse mai uku aka sani a lokacin, SICONIGER a Maraɗi, SHN a Matamaye, SEPANI a Magariya. Farin 1973 da 1974, sannan cutar kuturtar gyaɗa da ta ɓarke a 1975, suka karya wannan ciniki. Sana'ar matsa a gida ita ba ta mutu ba. Mata suna soya gyaɗa, su kai injin niƙa, su murza da ɗan ruwan zafi har mai ya fito, su sayar da shi kwalba-kwalba, tunkuzar kuma ta zama ƙuli-ƙuli. Saboda haka a wannan yanki mai abu ne da ake auna shi da hannu kullum, a kwalba da ludayi da murfi. Abin da lissafin kalori ke nema shi ne a bi wannan awon har cikin kasko.

Sai an san abin da ke faruwa a cikin kaskon kafin a iya ƙiyasi. A dubi mai ƙosai da sassafe. Tun dare ta surfa wake ta wanke, aka niƙa shi da albasa da attaruhu, ta buga ƙullun har ya yi fari ya tashi, ta sa gishiri. Ta ɗiga ɗan ƙullu a mai domin gwaji. Idan ya nutse ya zauna a ƙasa wuta ba ta kai ba, idan ya taso nan take yana ƙara to lokaci ya yi. Man tuya a wannan lokacin yana tsakanin digiri 160 da 190, alhali ruwa yana tafasa a digiri 100. Ƙullun da ta jefa fiye da rabinsa ruwa ne. Yana taɓa mai sai ruwan da ke samansa ya koma tururi, ya fito da ƙarfi. Kumfar da ke kewaye ƙosai da ƙarar da ake ji duk na tururin ne, man kansa ba ya tafasa. Muddin tururin yana turowa daga ciki, mai ba ya samun hanyar kutsawa sosai. Amma kowane ɗigon ruwa da ya fita yana barin rami a bayansa, sai saman ƙosai ya bushe ya zama ɓawo mai ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani, cikinsa kuma ya nuna da tururinsa kamar alale.

Shan mai na gaskiya yana farawa ne bayan ta tsame. Ƙosai ya fito lulluɓe da mai a jikinsa, iska ta buge shi, tururin da ke ciki ya huce ya koma ruwa. Gurbin da tururin ya bari sai ya zuƙo man da ke saman ɓawon zuwa cikin ƙofofin nan, kamar yadda allurar likita ke zuƙo magani. Wani bincike da aka yi a jami'ar Texas A&M ta Amurka a shekarun 1990, kan soyayyar gurasar masara mai sirara, ya nuna kimanin kashi 20 cikin 100 kaɗai na man ke shiga ciki yayin da abin yake cikin kasko, mafi yawa yana shiga ne a lokacin hucewa. Wannan ya bayyana abin da kowa ya sani a baki, cewa ƙosai mai zafi ba ya gundura kamar wanda ya kwana a tire. Ya kuma nuna cewa daƙiƙun farko bayan tsamewa su ne masu muhimmanci. Matar da ke ɗaga matsami ta girgiza shi a saman kasko, ta juye a kwandon da mai ke ɗiga ƙasa, tana mayar da mai cikin jarinta tana kuma rage shi a cikin abokin cinikinta. Wadda ke juyewa kai tsaye a roba, ƙosai na ƙasa ya kwanta cikin man na sama, ta yi asara biyu.

Daga nan ake gane dalilin da ya sa auna abincin kansa, kafin tuya da bayanta, ba ya ba da amsa. Kilo 1 na ƙullu yakan fito da nauyin da bai kai kilo ba, duk da man da ya sha, domin ruwan da ya fita ya fi man da ya shiga yawa. Dankalin Turawa shi ne misalin da aka fi nazari a duniya. Ɗanyensa kusan kashi 80 cikin 100 ruwa ne, gram 100 kalori 77 ne kawai. Idan aka yanka shi dogo-dogo aka soya, mai yakan kai kimanin kashi 15 cikin 100 na nauyinsa, kalorin ya haura 300. Idan aka fere shi siriri kamar takarda aka soya har ya bushe ƙamas, irin wanda ake sayarwa a leda, kusan sulusin nauyinsa mai ne, gram 100 ya wuce kalori 500. Dankali ɗaya ne, bambancin yanka ne da yawan ruwan da aka kora.

Hanyar da ta fi inganci a gida ita ce a ƙyale abincin a auna man. Ana auna abin da aka zuba a kasko, a haɗa da duk ƙarin da aka yi a tsakiyar tuya, a jira a gama, a auna abin da ya rage. Bambancin shi ne abin da ya tafi. Mai ba ya tashi ya bi iska a zafin tuya kamar ruwa, don haka kusan duk abin da ya ɓace yana jikin abincin. Sai a raba da adadin da aka soya.

Ga misali da alƙaluman da aka zaɓa domin koyarwa. A ƙaddara mai ƙosai ta jiƙa wake kilo 1 da gram 200, abin da ya kusa rabin tiya. Ta zuba lita 2 na mai, ta tashi da lita 1 da rabi, ta ƙirga ƙosai 150. Rabin litar da ya tafi gram 460 ne. An raba 460 gida 150, kowane ƙosai ya tashi da kimanin gram 3, wato kalori 27 daga mai kaɗai. Wanda ya ci guda 10 ya sha gram 30, sama da babban cokali 2, kalori 270. Yanzu a koma wajen waken. Busasshen wake gram 100 yana da kalori kimanin 340, kuma man da ke cikinsa bai kai kashi 2 cikin 100 ba, saboda haka kilo 1 da gram 200 sun ba da kalori 4,000 da ɗan kai. Man da aka sha, gram 460 sau 9, shi ma 4,000 ne da ɗan kai. Ma'ana a wannan misalin rabin ƙarfin ƙosai daga kasko ya fito, guda 10 kuma sun tasar wa kalori 550. Da waken nan alale aka yi da shi, da ɗan mai kaɗan, da lissafin ya sauka ƙwarai.

Akwai ƴan gyare-gyare da ke hana awon ya yaudari mai yi. Mafi girma shi ne zafi: mai yana kumbura idan ya yi zafi, lita 2 masu sanyi sukan ƙara kusan kashi 10 cikin 100 a zafin tuya. Wanda ya duba kasko a kan wuta zai ga kamar man bai ragu ba. Dole a auna da sanyi a farko, a auna da sanyi a ƙarshe. Sai ɓurɓushin da ya zauna a gindin kasko, wanda ya kamata a tace kafin awo. Sai man da ya ɗiga ƙarƙashin kwando, a mayar da shi cikin ragowar tunda ba a ci shi ba. Abin da ya fantsama da wanda ya maƙale a jikin kasko kaɗan ne idan tuyar tana da yawa, amma a tuyar ƙwai biyu zai iya zama rabin lissafin, shi ya sa awon babbar tuya ya fi na ƙarama gaskiya. Idan akwai ƙaramin sikeli mai nuna gram, a ɗora kasko da mansa gaba ɗaya, sau biyu. Idan babu, a sami kwalbar lita 1 a raba tsayinta gida 10 ta hanyar zuba ruwan da aka auna ana yin alama. Kowane gida gram 92 ne na mai, kalori 820 ko kusa. Awon rana ɗaya ba ya isa. A yi kwana 3 a ɗauki matsakaici.

Masa, wadda wasu ke kira waina, lissafinta ya fi sauƙi. A tanda ba a nutsar da ƙullu, ɗan mai ake zubawa a kowane gurbi, kuma kusan dukansa yana bin masar. Don haka abin da aka zuba shi ne abin da aka ci. Idan rabin ƙaramin cokali ke shiga kowane gurbi, masa 10 sun kwashe kalori 200 na mai. Idan cikakken cokali ne, 400. Hannun mai tuya ne ke yanke hukunci, tsohuwar tandar da ta yi santsi kuma ba ta neman mai kamar sabuwa mai kamu. Haka lissafin yake ga soyayyen ƙwai na mai shayi da duk abin da ake soyawa da ɗan mai ya shanye. Sau da yawa man da ake kwarara wa masa a faranti tare da yaji da garin ƙuli, ko wanda ake zuba wa ɗanwake da shinkafa da wake, ya fi wanda aka sha a wuta, kuma shi ne aka fi mantawa da shi domin ba a kiransa tuya.

Awara ta kawo wata magana, ta girman yanka. Tunda a ɓawo mai yake zama, yawan ɓawo shi ne yawan mai. A ɗauki curin awara mai santimita 4 ta kowane gefe: fuskokinsa 6 sun haɗa murabba'in santimita 96. A yanka shi gida 8, kowanne santimita 2, fuskokin sun zama 192. Nauyin awarar bai canza ba, wurin da mai zai kama ya ninka. Shi ya sa ƙananan yanka na yara, waɗanda ake soyawa har su yi ƙarau, suka fi manyan yanka mai idan aka auna gram da gram. Ga shi kuma waken suya da kansa kusan kashi 20 cikin 100 mai ne, saboda haka awara ta zo da nata kafin ta ga kasko, sai a haɗa biyun. Ƙa'idar faɗin jiki ta shafi doya da dankalin Hausa da cincin. Fanke da funkaso kuwa yisti ne ke cika su da ramuka, sukari mai yawa da maganin kumburi mai yawa suna ƙara musu shan mai.

Akwai inda hanyar bambanci take gazawa gaba ɗaya, kuma babban misalin ƙuli-ƙuli ne. Ƙwayar gyaɗa kusan rabinta mai ce. Matsar hannu ba ta fitar da shi duka, saboda haka tunkuza tana shiga kasko da sauran mai a jikinta, zafi ya sa ta ƙara sakin wani. Masu sana'ar sun san man kasko kan ƙaru maimakon ya ragu. Wanda ya yi lissafi ya ga bai rasa komai ba, ya ce ƙuli ba shi da mai, ya yi kuskure babba. Nama mai kitse da fatar kaza su ma musaya suke yi, su saki nasu su ɗauki na kasko. Irin waɗannan sai ɗakin gwaji, inda ake busar da abincin a niƙa shi, a wanke mansa da sinadari a cikin na'urar da Bajamushe Franz von Soxhlet ya ƙirƙira a 1879, a auna abin da aka tatso. Alƙaluman da ke cikin littattafan sinadaran abinci daga irin wannan awo suke fitowa.

Abubuwan da ke sa tuya ɗaya ta fi wata shan mai yawancinsu a hannun mai tuya suke. Cika kasko da jefi yana saukar da zafi, abin ya daɗe a ciki bai yi ɓawo da wuri ba, ya fito laɓe-laɓe. Wuta mai yawa kuma tana ƙona waje ciki bai nuna ba, tana lalata man, musamman na matsar gida wanda ke fara hayaƙi tun kafin na kamfani. Ƙullun da ruwa ya yi masa yawa yana watsewa ya sha fiye da mai kauri. Sai tsohon mai, wanda ya cancanci a tsaya a kansa. Man da aka maimaita tuya da shi kwana da kwanaki yana yin duhu da kauri da danƙo, yana kumfar da ba ta kwanciya. Kaurin nan yana hana shi zubowa daga jikin abinci, sai a ci shi da yawa, ga shi kuma ya tara gurɓatattun sinadarai. A Faransa doka ta hana aiki da man tuya idan waɗannan sinadaran suka wuce kashi 25 cikin 100, wasu ƙasashen Turai ma suna da iyaka makamanciyar wannan. Ba adalci ba ne a ɗora wa mai ƙaramin jari laifin riƙe tsohon mai, tsadarsa ce ta jawo. Amma ya dace ta san cewa man da take lallaɓawa don tsimi yana ƙarewa da sauri fiye da sabo, kuma tacewa kullum da rufe shi daga rana da rage wuta tsakanin jefi suna ƙara masa kwana.

Wanda ya saya a hanya ba shi da damar auna kaskon wani, ƙiyasi zai yi. Hausawa sun ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima. Abin tuya mai kauri da cikinsa ke da danshi, kamar yankan doya, yakan kasance a wajen kashi 10 cikin 100 na mai ko ƙasa. Mai laushi da ramuka, kamar ƙosai da fanke, ya fi haka, yakan tasar wa kashi 15 zuwa 20. Siriri busasshe yana iya kai sulusi. Tabon da ke fitowa a takardar da aka naɗe ƙosai shaidar man sama ce kawai, wanda ya riga ya shige ɓawo ba ya fitowa. Manhajojin ƙidayar kalori na wayar hannu suna taimakawa, sai dai mafi yawan jerin abincinsu na Amurka da Turai ne, kuma ko an sami ƙosai a ciki ba a san girman wanda aka auna ba. Hukumar abinci da aikin gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya, FAO, ta fitar da jadawalin sinadaran abincin Afirka ta Yamma a 2012, ta faɗaɗa shi a bugun 2019. Shi ya fi kusa da tukunyar wannan yanki, kuma shi ya kamata ma'aikacin lafiya ya fara dubawa, sannan ya gyara da awon da aka yi a garinsa.

Amfanin lambar ya danganta da wanda ake yi wa lissafin. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba manya shawarar kada mai ya wuce kashi 30 cikin 100 na kalorin yini, kitse mai daskarewa kuma kada ya wuce kashi 10. Ga mai buƙatar kalori 2,000, wannan kalori 600 ke nan, kimanin gram 67 na mai, har da na miya da na nama da na gyaɗa. Ƙosai 10 na misalin da ya gabata sun cinye kusan rabi tun da hantsi. Manomin da ya wuni yana noma da hauya a tsakiyar damina zai iya ƙona kalori 3,000 ko fiye, wannan ba abin damuwarsa ba ne. Ɗan kasuwar da ke zaune a rumfa daga safe zuwa magariba, wanda likita ya gaya masa yana da hawan jini ko ciwon sukari ya kuma umarce shi da rage ƙiba, shi ne lissafin zai yi wa rana. Yakan rage tuwo ya bar abin tuya yadda yake, domin tuwo ne yake ganin girmansa. A watan azumi abin yana ƙaruwa, lokacin da ƙosai da fanke da soyayyen dankali ke haɗuwa a tabarmar buɗa-baki ɗaya har kwana 29 ko 30.

Kuskure ne a ɗauko wannan magana a shimfiɗa ta a kan kowa, domin a wannan yanki matsalar da ta fi kisa ita ce ƙarancin abinci a jikin yara. A yunwar 2005 ƙungiyar likitoci ta MSF ta yi wa yara sama da 60,000 maganin tamowa mai tsanani a Nijar, tun wannan shekarar kuma take aiki a Magariya, inda sashen yara na asibitin kan cika a lokacin da rumbu ya ƙare zazzaɓin sauro ya taso. Abincin maganin da ake ba yaran, Plumpy'Nut, wanda aka ƙirƙira a Faransa a 1996, niƙaƙƙiyar gyaɗa ce da mai da sukari da garin madara da sinadarai. Leda ɗaya gram 92 ce, kalori 500. Ƙarfinsa yana cikin abin da babba mai ƙiba ke gudu. Cikin yaro ƙarami ne, kunu tsararo yana cika shi ba tare da ya ba shi ƙarfi ba. Yaron da ke shan nono yana buƙatar kimanin kalori 200 a yini daga abinci tsakanin wata 6 da 8, 300 tsakanin wata 9 da 11, sannan 550 daga shekara 1 zuwa 2. Ƙaramin cokali 1 na man gyaɗa a kofin kunu ya ƙara kalori 40 ba tare da ya ƙara cika cikin ba, kuma mai ne ke taimaka wa jiki ya ɗauki bitamin A daga zogale da kabewa da mangwaro. Iyakar kashi 30 ta manya ce, ba a sa wa jariri ita. A gida ɗaya ana iya samun uban da ya kamata a rage masa da ɗan yayen da ya kamata a ƙara masa, kuma kwalba ɗaya ce za ta auna wa duka biyun.

Ga maigida ko uwargidan da ke son sanin matsayin gidan baki ɗaya, akwai lissafin mako. A rubuta man da aka saya ya ƙare cikin kwana 7, a raba da yawan masu ci. Lita 1 a gidan mutum 8 ta ba kowa kimanin gram 16 a yini, kalori 148. Wannan matsakaici ne, ba ya nuna wanda ya fi samun saman miya, ba ya kuma ƙunsar abin da aka ci a kasuwa da tasha da ƙofar makaranta, wanda sai an rubuta shi daban da ƙidaya: ƙosai nawa, masa nawa, daga wajen wa. Faɗin wurin da aka saya yana da amfani, domin lambar da aka samu a kaskon mace ɗaya tata ce, ta maƙwabciyarta tana iya bambanta da sulusi. Ko a wajen mace ɗayar ma lambar tana tsufa. Idan mai ko wake ya yi tsada, mai tuya ba ta cika ƙara kuɗi ba, jefin take ragewa. Ƙosan ya ƙanƙance, man kowane guda ya ragu, amma ɓawon ya yi yawa a kan cikin, sai gram 100 na ƙananan ya fi gram 100 na manyan mai, mai saye kuma ya ƙara adadi domin ya ƙoshi. Saboda haka awon da aka yi da kaka, lokacin da wake ke arha, ana sake shi da bazara.